Sallahun Zamani: Ya Kamata Matasan Gwarzo Da Kabo Su Iya Saita Zangon Saƙo Nasu

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, sannan aka bi da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina. Malumfashi na cikinsu. Duk wanda ya san titin da ya taso daga Kabuga, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya bi ta Gwarzo ya fita Dayi, ya san cewa abin ya tsaya ne a bakin ƙofa. Mutanen da ke riƙe da wayoyi masu tsada sun wayi gari sai sun hau mota sun bar garinsu kafin su tura saƙo ɗaya.

A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin banki suka riƙa tsayawa cak. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma Kano da galibin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda babu wutar lantarki. Sai ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100.

Duk waɗannan abubuwa darasi ɗaya suke koyarwa. Manhajojin da ke cikin wayoyin matasa an gina su ne bisa zaton sabis yana nan kullum, wuta tana nan kullum, data tana nan kullum. A Getso ko Lakwaya ko Garo kuwa, sabis baƙo ne, yana zuwa yana tafiya. Akwai tsohuwar fasahar da aka gina ta musamman don irin wannan yanayi, kuma ya kamata matasan wannan yanki masu sha'awar kwamfuta su koye ta, su iya saita ta da hannunsu.

Fasahar da ta riga intanet shiga gidaje

A watan Fabrairun 1978 wasu mutum biyu a birnin Chicago na Amurka, Ward Christensen da Randy Suess, suka haɗa kwamfuta da layin tarho suka mai da ita allon sanarwa. Mutum zai kira lambar daga kwamfutarsa, ya karanta abin da wasu suka rubuta, ya bar nasa, ya kashe. Wannan shi ake kira BBS. Matsalarsa ita ce kowane allo zaman kansa yake yi, na wannan gari bai san abin da ake tattaunawa a wancan ba.

A 1984 Tom Jennings, a San Francisco, ya kawo mafita da tsarin FidoNet. Kowane allo zai tara saƙonnin da aka rubuta da rana. Cikin dare, lokacin da kuɗin kira ya yi sauƙi, sai kwamfutar ta kira maƙwabciyarta da kanta, ta miƙa mata kaya, ta karɓi nata, ta ajiye waya. Maƙwabciyar ita ma ta miƙa gaba. Haka saƙo zai yi ta yada zango har ya isa. Zuwa tsakiyar shekarun 1990, kwamfutocin da ke cikin wannan tsari sun kai kusan 40,000 a duniya, kuma galibinsu a ɗakunan masu sha'awa suke, da kuɗin aljihunsu.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don sallahu ne. Mai saƙo ya ba direban Gwarzo a tasha, direba ya ajiye wa mai shayin bakin titi, mai shayi ya ba ɗan acaɓan da zai shiga ƙauye. Babu lokacin da mai aikowa da mai karɓa suka haɗu, amma saƙo ya isa. Shi ya sa ya dace a kira kowace kwamfuta ta wannan tsari da sunan zango, mai kula da ita kuma mai zango.

Afirka ta ci moriyar abin sosai. A cikin rabon yankunan FidoNet na wancan lokaci, Arewacin Amurka ne na 1, Turai na 2, Afirka kuma na 5. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta riƙa musayar imel da duniya ta hannun Randy Bush da ke Portland a Amurka, da wannan fasaha. A farkon shekarun 1990 wata kwamfuta ta ƙungiyar GreenNet a Landan, mai suna GnFido, ta riƙa kiran ƙananan zangogi a birane irin su Nairobi da Harare da Addis Ababa da Dakar tana kwasar saƙonninsu. Jami'ar Zambiya da Fido ta fara, kafin ta kai ga kafa ZAMNET a 1994. A Najeriya ma, Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas ta riƙa hidimar imel ta layin tarho a tsakiyar shekarun 1990, ƙarƙashin shirin RINAF na UNESCO, shekaru kafin GSM ya iso a watan Agustan 2001. Layukan tarho na lokacin suna da tsada kuma suna yawan katsewa, amma saƙo yana isa, domin an gina tsarin ne da sanin cewa layi zai katse.

Inda bambancin yake

Wani zai ce ai WhatsApp ma yana ajiye saƙo idan wayar mai karɓa tana kashe. Gaskiya ne, yana ajiyewa har kwana 30. Tambayar ita ce, a ina? Saƙon da ɗan Getso ya tura wa ɗan'uwansa na cikin garin Gwarzo sai ya hau turken sabis, ya bi wayoyin ƙasa, ya kai manyan kwamfutocin kamfanin da ke can nesa, sannan ya juyo. Idan aka sami matsala a ko'ina cikin wannan doguwar hanya, mutum biyun da tafiyar mintuna ce tsakaninsu a babur ba za su ji daga juna ba.

A tsarin zango, wurin ajiyar yana cikin gari. Tsohuwar laftof ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda wutar da take ci ba ta wuce ta cajar waya ba, ta isa. A sa mata ƙaramin faranti na sola da batir, ta buɗe Wi-Fi na cikin gida. Masu waya su haɗu da shi su karanta su rubuta ba tare da sun taɓa datarsu ba. Manhajojin allo irin su Synchronet da Mystic suna nan ana amfani da su har yau, kuma Synchronet tana da shafin da ake buɗewa da burauzar waya.

Rubutu ba shi da nauyi. Saƙo mai kalma 200 bai wuce kilobayit ɗaya da ɗan wani abu ba, wato saƙo dubu irinsa bai kai megabayit biyu ba, kuma kafin a tura sai an matse shi ya ƙara raguwa. Hirar gari guda ta yini ɗaya ba ta kai nauyin gajeren bidiyo ɗaya na TikTok ba. Sabis na minti biyu ya isa a sallami kowa.

Abin da ke cikin fayil ɗin saiti

Manhajoji uku ne ke aikin. Akwai allon da mutane ke karatu da rubutu a kai. Akwai mai rarrabawa, irin su HPT, wanda ke ɗaure saƙonnin fita cikin ƙunshi, ya kwance waɗanda suka shigo ya zuba kowanne a zaurensa. Sai ɗan aike, wanda ke kiran wani zango ya miƙa ƙunshin. A zamanin tarho FrontDoor da BinkleyTerm ne suka yi suna a wannan aiki. Yanzu binkd ake yawan amfani da shi, wanda Dima Maloff ya rubuta a 1996, yana bi ta ƙofa mai lamba 24554. Yana aiki a kan intanet, yana kuma aiki tsakanin kwamfutoci biyu da ke kan Wi-Fi ɗaya ko da babu intanet sam. Idan layi ya katse ana tsakiyar tura fayil, yana iya ci gaba daga inda ya tsaya.

Saitin binkd fayil ne na rubutu zalla, wanda mutum zai iya karantawa ya gane cikin zama ɗaya. Kowane layi a cikinsa hukunci ne da mai zango zai yanke da kansa.

Na farko adireshi. Tsarinsa shi ne yanki, sai shiyya, sai zango, sai ɗan rakiya idan akwai. A misali, idan matasan yankin suka zaɓi lamba 77 ta zama tasu, babban zangon Gwarzo zai iya zama 77:1/1, na Kabo 77:1/2, na Getso 77:1/3, wayar wani ɗalibi da ke karɓa ta hannun Getso kuma 77:1/3.5. Ba dole sai an shiga FidoNet ɗin duniya ba. Ƙungiyoyin masu sha'awa sun saba kafa nasu, kamar fsxNet da aka kafa daga New Zealand mai amfani da lamba 21. Sharaɗin kawai kada a ɗauki lambar da wasu ke kai, musamman 1 zuwa 6.

Na biyu amana. Layin da ke farawa da kalmar node shi ne inda ake rubuta adireshin maƙwabci, inda za a same shi, da kalmar sirrin da aka yi yarjejeniya a kai. Kalmar dole ta zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu, harafi da harafi. Akwai kuma akwatin shiga guda biyu: ɗaya na waɗanda suka zo da kalmar sirri, ɗaya na baƙin da ba a sani ba. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya haɗe su wuri ɗaya, sai mai rarrabawa ya kwashi duk abin da kowa ya jefo ya zuba a allo. Kayan baƙo a ajiye shi gefe sai mai zango ya duba.

Na uku, wa zai kira wa. Kowane ƙunshi yana da alamar gaggawarsa. Mai alamar crash a tura shi nan take. Mai alamar hold a riƙe shi har mai shi ya kira ya karɓa. A nan ne yanayin Najeriya ke shigowa. Kwamfutar da ke hawa intanet da layin waya galibi ba ta da adireshin da za a iya kiranta daga waje, don kamfanoni kan haɗa dubban masu layi a bayan adireshi ɗaya. Saboda haka ƙananan zangogi su ne za su riƙa kira, babban zango kuma ya sa duk kayansu a kan hold. Wanda ya juya wannan saiti zai kwana yana kallon ɗan aike yana buga ƙofar da ba za ta buɗe ba.

Na huɗu hanya. Mai rarrabawa yana buƙatar sanin cewa saƙon Garo ta Kabo zai bi, na Kutama ta Gwarzo. Idan aka haɗa zangogi uku kowanne yana tura wa sauran biyun zaure ɗaya, saƙo zai riƙa zagayowa yana maimaita kansa. Tsarin yana da kariya, domin kowane saƙo na ɗauke da lambar shaida da jerin zangogin da suka riga suka gan shi, amma sai an kunna ma'ajiyar gano maimaici. Abin da ya fi sauƙi shi ne kowane ƙaramin zango ya riƙe uban gida ɗaya.

Na biyar agogo. Yawancin nau'ikan Raspberry Pi ba su da batirin riƙe lokaci. Idan wuta ta ɗauke ta dawo babu intanet, kwamfutar za ta tashi da kwanan wata na ƙarya, saƙonni su rikice, jadawalin kira ya lalace. Ƙaramin agogo mai batir da ake maƙala mata yana maganin wannan. A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ba a cika damuwa da shi ba, amma a nan yana cikin abubuwan farko.

Na shida, wanda ya shafi masu Hausa kai tsaye, haruffa. An gina tsoffin alluna ne a kan jerin haruffan da babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Idan ba a saita allo da mai rarrabawa a kan UTF-8 ba, kuma kowane saƙo ya ɗauki alamar da ke faɗin haka, ƙasa za ta koma kasa ko wasu alamomin da ba sa karantuwa, ɓarawo ya rasa harafinsa na farko. Babu wani daga waje da zai zo ya gwada wannan don Hausa. Sai masu harshen.

Idan sabis ɗin ya ɗauke gaba ɗaya fa?

Amsar tana hannun masu cajin waya da 'yan turi. Shekara da shekaru fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai suna yawo daga Kano zuwa ƙauyuka a cikin memori da Xender, babu data ko ta sisi. Ƙunshin saƙon Fido shi ma fayil ne kamar kowane fayil. Ana iya kwafe shi daga akwatin fita na Gwarzo, direba ya tafi da shi a aljihu, a zuba shi a akwatin shiga na Kabo, mai rarrabawa ya ci gaba da aikinsa bai ma san ta mota ya zo ba.

An taɓa gwada irin wannan a fili. A farkon shekarun 2000 shirin DakNet, wanda ya samo asali daga masu bincike na jami'ar MIT, ya ɗora ƙananan kwamfutoci masu Wi-Fi a kan motocin bas a Indiya da babura a lardin Ratanakiri na Kambodiya. Abin hawa na wucewa ta ƙauye, sai ya kwashi saƙonni ya sauke wasu da kansa. Manhajar Briar ta Android ma tana kan wannan tunani, tana tura saƙo ta Bluetooth da Wi-Fi, har da ta memori. Titin Gwarzo ba ya rabo da motoci daga asuba zuwa dare, don haka masu ɗaukar sallahu suna nan tuni.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce wannan kayan tarihi ne, ga Starlink ya shigo Najeriya tun Janairun 2023. To, kuɗin na'urarsa da na wata-wata ba na kowane gida ba ne. Kuma biyun ba kishiyoyi ba ne. Starlink ɗaya a shagon wani a Gwarzo zai iya zama ƙofar babban zango zuwa duniya, ƙauyuka goma su ci albarkacinsa ta hanyar ƙunshi.

Ta biyu, abin yana da jinkiri kuma babu bidiyo. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai neman kiran bidiyo ya riƙe WhatsApp ɗinsa. Sai dai a duba irin saƙonnin da rayuwa ta dogara a kansu: farashin masara da gero a kasuwa, sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza, ranar rabon taki, cigiyar dabbar da ta ɓata, tambayoyin da ɗalibai ke bita kafin jarrabawa. Kusan duk rubutu ne, kuma jinkirin awa biyu ya fi rashin isa.

Ta uku ita ce mafi nauyi. An rufe sabis a 2021 ne don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanya, to ba za a buɗe musu wata ba? Bai kamata a raina wannan tambaya ba. Amma tsarin zango ba wurin ɓuya ba ne. Kowane zango yana cikin jerin da ke nuna sunan mai shi da garinsa, kowane saƙo na ɗauke da sawun inda ya biyo, kuma ba a ba mutum adireshi sai wani ya tsaya masa. Zango na gari ya kamata ya zama a bayyane, da sanin mai unguwa da dagaci, a kuma kiyaye dokokin NCC kan duk na'urar da ke amfani da zangon rediyo. Idan hukuma ta ba da umarnin tsaro, mai zango shi ne farkon mai bi.

Wannan yana da ɗaya fuskar da dole a gaya wa masu amfani tun farko. Saƙon mutum zuwa mutum a wannan tsari ba a kulle yake ba, duk mai zangon da ya biyo ta hannunsa zai iya karantawa. Ba wurin tura lambar sirri ta banki ba ne, ba kuma wurin sirrin zuciya ba. Kamar wasiƙa ce da aka ba direba ba a liƙe ba.

Ribar da ta fi saƙon

Ko da a ce sabis bai sake ɗaukewa ba har abada, wanda ya saita zango ya ci riba. Zai koyi Linux, ya san mece ce ƙofa da adireshi, ya iya karanta rahoton da manhaja ke rubutawa ya gano inda ta maƙale, ya iya tsara aiki ya riƙa tashi da kansa a kan lokaci, ya fahimci dalilin raba baƙo da amintacce. Waɗannan su ne ayyukan yau da kullum na masu kula da manyan kwamfutocin bankuna da kamfanonin sadarwa. Koyon su ba ya neman digiri. Mai wayar Android ma zai iya fara sabawa da umarnin Linux ta manhajar Termux kafin ya sami kwamfuta.

Matasa da yawa sun ƙware wajen neman data ta kyauta da canza saitin VPN, kuma wannan ƙwazo ne na gaske, sai dai duk a gonar wani ake yin sa. Ranar da kamfani ya toshe, shi ke nan. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Farawa ba ta buƙatar ƙungiya mai hatimi ko tallafin kowa. Abokai biyu sun isa, ɗaya a Gwarzo ɗaya a Kabo. Su fara ajiye kwamfutocin biyu a ɗaki ɗaya a kan Wi-Fi ɗaya, su saita binkd har ƙunshi ya tsallaka daga wannan zuwa waccan. Su rubuta saƙon gwaji mai cike da ƙ da ɗ da ɓ su ga ko ya isa lafiya. Su zare wuta ana tsakiyar turawa su ga abin da zai faru. Sannan kowa ya tafi da tasa gida, su gwada ta layin waya, su gwada ta memori a hannun direba. Idan saƙo ya yi mako guda yana zuwa yana dawowa ba a rasa ko ɗaya ba, lokaci ya yi da za a nemi mai cajin waya a Getso ko Garo a tambaye shi ko zai karɓi zango na uku.